Ƙunar gida: abinda zakayi daga mintin farko har ciwon ya warke

Ranar da mai ya fallatso min a bayan hannu ina cikin suya, abu na farko da naji daga bakin ƙanwata shine "Yaya tsaya in ɗauko makilin!" kuma da gudu ta fita, don ita a saninta taimakona zatayi. Ni kuma ina tsaye ina yarfe hannu ina hura masa iska da baki. Mun ɓata kusan minti biyar a haka, alhali ga famfo nan a gabana taku biyu kacal. Aka shafa makilin ɗin, na ɗan ji sanyi-sanyi na ɗan lokaci, can sai zugi ya dawo sabo fil, washegari wajen ya ɗuri ruwa. Har yau tabon na nan kusa da wuyan hannuna, kuma duk sanda na kalleshi sai raina ya sosu, saboda yanzu na san mintunan nan da muka ɓata sune suka fi komai daraja.

Maganar da zanyi anan ta ƙaramar ƙuna ce, irin wadda ba gidan da ba'a samunta: ruwan zafi ya zubo, tururi ya bugi hannu garin buɗe murfin tukunya, dutsen guga ya ɗosani fata, an jingina ƙafa da salansar babur, yaro ya janyo kofi mai zafi daga kan teburi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 duk shekara, to ba abin wasa bace, amma mafi yawan wadda ake samu a gida ƙarama ce kuma tana warkewa lafiya lau in anyi abinda ya dace da wuri.

Kafin komai a raba mutum da abinda ke ƙonashi. In tufa ce ta kama da wuta kada ya ruga, gudu iska yake ƙara wa wutar, ya kwanta ƙasa yayi ta birgima ko a lulluɓeshi da bargo mai kauri. In mai ne ya kama da wuta a cikin kasko dan Allah kar a watsa ruwa, wutar tashi zatayi sama ta fantsamo kan mai watsawan, a kashe murhun a kife murfi akai kawai. In lantarki ne a kashe wutar daga tushe kafin a taɓa mutum. Wannan duk aikin daƙiƙu ne.

Sai ruwa, kuma anan zan daɗe

Ka kai wajen da ya ƙone ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi, mai gudana, ka barshi minti 20. Ashirin fa, da agogo. Na san yanda abin yake, mutum zai saka hannu a famfo ya ƙirga kamar minti ɗaya ko biyu yaji raɗaɗin ya lafa sai ya cire yace ai shikenan, bayan ɗan lokaci kuma zafin ya dawo yafi na da. Minti 20 yana da tsawo sosai idan kana tsaye a bakin famfo, balle in yaro ne a hannunka yana ta ihu yana fizgewa, shi yasa nake cewa ka duba agogon waya ko ka saita ƙararrawa, don in da ƙiyasi zakayi wallahi bazaka kai ko rabi ba.

Dalilin kuwa mai sauƙin ganewa ne. Ai in ka sauke tukunya daga kan wuta bata daina tafasa nan take, zafin da ta riga ta ɗauka yana nan yana aiki. Haka fata take, an cire hannu daga wuta amma zafin da ya shige ciki yana ci gaba da cin nama yana nutsawa ƙasa. Wani likitan ƙuna a Ingila mai suna Douglas Jackson ya bayyana cewa ciwon ƙuna kashi uku ne kamar zobba a cikin juna: tsakiya inda fatar ta riga ta mutu, wannan ba'a ceto ta, sai can gefe inda jini ya taru wajen yayi zafi amma zai warke da kansa, sai kuma na tsakaninsu inda jini ya rage gudu, fatar bata mutu ba amma tana kan siraɗi. Wannan na tsakiyar shi ake kokawar ceto. In an sanyaya da wuri zai iya farfaɗowa, in an barshi sai ya bi sahun wanda ya mutu cikin kwana biyu zuwa uku, shine zakaga ƙunar da jiya take ƙarama yau ta ƙara faɗi da zurfi. Akwai binciken da akayi a Ostireliya kan yara 2,495 da suka ƙone, aka wallafa a 2020, ya nuna waɗanda aka yiwa wannan ruwa na minti 20 sun fi tsira daga kaiwa ga dashen fata nesa ba kusa ba. Ruwan famfo ne kawai fa, ba wani magani mai tsada ba.

In ka makara ma kada kace lokaci ya wuce. Har zuwa awa uku bayan ƙunar sanyayawan na da amfani, kawai dai da wuri yafi.

Banda ƙanƙara, banda ruwan da aka ciro daga firiza. Mutane da yawa anan suke kuskure da kyakkyawar niyya, gani suke tunda sanyi ake nema to wanda yafi sanyi shi yafi. A'a. Sanyi mai tsanani tsuke jijiyoyin jini yake, wajen da dama jini ke fama ya isa sai ka ƙara toshe masa hanya, ƙanƙara ma ita kanta tana ƙona fata in ta daɗe akai. Ruwan da ake so shine mai sanyi daidai, wanda zaka iya barin lafiyayyen hannunka a ciki ba tare da ya ƙage ba.

To in babu famfo fa, ko an ɗauke ruwa? Ka samu bokiti da kofi, ka ɗora hannun saman roba kana zubawa a hankali ba ƙaƙƙautawa. Ko ka tsoma wajen cikin roba mai ruwa kana canza ruwan duk sanda ya fara ɗumi. In waje ne da baya tsomuwa kamar ƙirji ko kafaɗa, tsumma mai tsabta zaka jiƙa ka ɗora, kana sake jiƙawa akai-akai don da ya ɗan jima shima zai ɗau zafin jiki ya daina aiki. Ruwan dai ya zama mai tsabta, irin wanda zaka iya sha.

Abu ɗaya da ake mantawa, musamman da jarirai da ƙananan yara da tsofaffi: ciwon ake sanyayawa ba mutumin ba. Yaro ƙarami jikinsa na saurin yin sanyi, in ka jiƙashi gaba ɗaya na minti 20 zaka iya jawo wata matsalar daban. Ka lulluɓe sauran jikin da tawul ko bargo, wajen ƙunar kaɗai ke shan ruwa, in ya fara karkarwa ka dakata ka ɗumamashi.

Ana cikin zuba ruwan ne za'a cire zobe, agogo, awarwaro, da duk wani abu da ya zagaye wajen, tun kafin kumburi ya zo, don yatsa in ya kumbura da zobe a jiki sai an yanka zoben. Rigar da ruwan zafi ya jiƙa a cireta da sauri domin riƙe zafin take kamar an ɗaura masa, in jariri ne a duba har cikin famfas ɗinsa saboda ruwan zafi na gangarawa ya taru a ciki ba'a lura ba. Amma in tufa ta manne da fata kar a fizge, a yanke zagayenta da almakashi a bar wadda ta manne, wannan aikin asibiti ne.

Yanzu ka tsaya ka kalli ciwon da kyau

Bayan ruwa, kafin ka yanke cewa a gida za'ayi jinya, ka duba abu uku: zurfinsa, faɗinsa, da inda yake.

Ƙunar sama-sama ita ce wadda saman fata kawai ta taɓa, wajen a bushe yake, akwai raɗaɗi, ba bororo, cikin mako ɗaya ta warke, wani lokaci fatar ta ɗan saɓule. Littattafai da yawa zasu ce maka wajen zaiyi ja, amma a baƙar fata sau da yawa ba zaka ga wani ja ba, sai dai wajen ya ƙara duhu ko yayi sheƙi ko ya ɗan kumbura, don haka kada rashin ganin ja yasa ka raina ciwo. Ta biyu ita ce wadda ta ɗan nutsa, ita ke ɗurar ruwa tayi bororo, in ya fashe zakaga ƙasan jajir a jiƙe, kuma ita tafi kowacce zugi, iska ma in ta taɓa sai mutum ya ji har ransa. In bata yi zurfi sosai ba tana warkewa cikin mako biyu zuwa uku. Ta uku ita ce mai ban tsoro, fatar tayi fari fat ko toka-toka ko baƙi ƙirin, ta bushe tayi tauri kamar fatar jima, kuma abin mamaki bata cika zafi ba saboda jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun ƙone. Ina roƙonka ka riƙe wannan, in ƙuna tayi muni a ido amma mai ita yace baya jin komai, ba sauƙi bane, asibiti za'a tafi ko da ƙarama ce.

Faɗi kuma da hannun wanda ya ƙone ake aunawa, ba naka ba. Tafin hannunsa haɗe da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. In ƙunar ta fi hannunsa girma ta wuce ta gida. Kaga kenan abinda zaka kira ɗan ciwo a jikin babba, a jikin ɗan shekara biyu babban abu ne, ga fatarsu ta fi tamu laushi, ruwan zafin da zai ɗan taɓa babba shi zai iya nutsa masa sosai.

Sannan akwai wuraren da ko ƙarama ce gara likita ya gani: fuska, wuya, tafin hannu da yatsu, ƙafa, al'aura, kan gaɓa kamar gwiwa da gwiwar hannu inda in ya warke a tsuke zai hana miƙewa, da kuma ƙunar da ta zagaye hannu ko yatsa gaba ɗaya. Haka duk ƙunar lantarki, domin a waje zakaga ɗan ɗigo amma ɓarnar na ciki, har bugun zuciya tana taɓawa. Haka ta sinadari kamar ruwan batir ko sodar wanki, ita ma ruwa ake ta kwarara mata aƙalla minti 20, in gari ne a fara kaɗeshi kafin a zuba ruwa, sannan a tafi asibiti da kwalbar ko ledar abin. Wanda ya shaƙi hayaƙi, muryarsa ta dishe, yana tari ko gashin hancinsa ya babbake, shima kar a jira. Jariri, ƙaramin yaro da ƙunarsa tayi bororo, mai ciki, tsoho, mai ciwon suga, duk waɗannan ni dai shawarata a nuna su, gara a je a ce ba komai a dawo. Ko asibitin za'a tafi ma ayi ruwan nan tukunna ko ana yi a hanya, sai dai in numfashi ne ya samu matsala.

In duk ba ɗaya daga cikin waɗannan, to bismillah, a ci gaba a gida.

Maganar shafe-shafe

Wannan ita tafi wuya, ba don aikin na da wahala ba sai don mutane. Da an ƙone kowa a gidan ya zama likita, wannan yace makilin, wancan yace a fasa ɗanyen ƙwai, wani yace gishiri, wani man girki ko man shanu, wani toka, har da masu cewa baƙin man inji. Kuma mafi yawa manya ne da kake jin nauyinsu. Lokacin da ɗan yayata ya taɓa dutsen guga, kakarsa ta riga ta miƙo gishiri, sai nace mata "Inna kiyi haƙuri bari mu fara sa masa ruwa tukunna, in ya huce sai mu gani," na riƙe hannun yaron a famfo ina masa wasa da ruwan har lokacin ya cika, kafin nan kuka ya tsaya, maganar gishiri ma bata sake tasowa ba. Ba sai anyi musu ba, ka dai riga kowa zuwa famfo.

Me yasa ake hanawa? Mai da duk wani abu mai maiƙo in aka shafa akan sabuwar ƙuna rufe zafin yake a ciki, kamar ka rufe tukunya da murfi. Makilin sanyin da kake ji na ɗanɗanon da aka sa masa ne, yaudarar fata yake baya rage zafin da ke ciki, ga shi yana bushewa ya manne sai an kankare. Ɗanyen ƙwai da toka da ƙasa ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin buɗaɗɗen ciwo. Gishiri azaba ce kawai. Sannan duk abinda aka lafta, in daga baya an je asibiti sai an wanke shi tas kafin a ga zurfin ciwon, kuma wankin nan yafi ƙunar ciwo, wanda aka taɓa yiwa ya sani. Har magungunan nan masu rina fata da ake shafawa a ciwo, suna ɓoye launin wajen likita ya kasa tantancewa. Haka buɗe kafso a barbaɗa garinsa akan ciwo, shima a bari.

Zuma ana yawan tambaya akanta. Gaskiya ne akwai binciken da ya nuna tana taimakawa wajen warkewar ƙunar da bata yi zurfi ba, amma wadda ake amfani da ita a asibitoci an tace ta an kashe ƙwayoyin cutar cikinta, kuma ko ita ba'a sa ta a madadin ruwa. Abinda ba laifi a shafa, bayan wajen ya huce gaba ɗaya kuma ƙunar ta sama-sama ce fata bata buɗe ba, shine ɗan basilin siriri ko ruwan alobera mai tsabta, don kar wajen ya bushe ya dinga ja.

Rufewa

Bayan ruwa a bar wajen ya tsane ko a ɗan dadanna gefensa da tsumma mai tsabta, banda gogawa. Sai a rufe. Rufewar nan da kanta maganin zafi ce, domin iskar da ke kaɗa jijiyoyin da suka bayyana ita ke ƙara raɗaɗin, da ka rufe zakaga mutum ya sauke ajiyar zuciya.

Na wucin gadi, ledar nan shara-shara mai mannewa da ake rufe kwanon abinci da ita tana da kyau ƙwarai, bata manne wa ciwo kuma ana hango ciwon ta cikinta. Ka warware ka yar da farkon, ka yanko tsakiya ka shimfiɗa akai, shimfiɗawa fa ba naɗewa tamau ba, saboda wajen zai kumbura. Ba'a sa ta a fuska. In hannu ne ana iya zura shi cikin sabuwar leda mai tsabta. Wannan na awanni ne kafin a samu abin ɗauri na gaskiya ko a isa asibiti.

Na zaman jinya kuma, ka nemi gauz ɗin ƙuna a kemis, wanda aka jiƙa da maiƙo don kar ya manne, shi zaka fara ɗorawa, sai busasshen gauz a sama, sai bandeji sako-sako. Auduga kam ko kusa, zarenta shiga ciwo yake ranar cirewa a sha kuka. Filasta ma kar mai ɗankonta ya hau kan ciwon. In yatsu biyu ne suka ƙone kowanne a naɗe shi daban kar su manne da juna.

Rage zugi

Daren farko shine mai wuya, wajen zai dinga bugawa kamar zuciya ta koma can. Ka ɗaga wajen sama, in hannu ne ɗora shi kan filo ya fi ƙirji tsawo, in ƙafa ce a miƙe ta akan wani abu, kumburi zai ragu zugin ma haka. Da ka sauke hannun ƙasa zakaji bambancin nan take.

Magani kuma parasitamol ya isa ga yawancin ƙananan ƙuna. Babba zai sha 500mg zuwa 1000mg, wato ƙwaya ɗaya ko biyu, duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce 4000mg cikin awa 24, kuma a lura da yawa daga magungunan mura akwai parasitamol a cikinsu kar a haɗa a zarce ba'a sani ba, hanta yake illatawa. Ibuprofen ma yana aiki sosai don yana rage kumburi, babba 200mg zuwa 400mg duk bayan awa 6 zuwa 8, bayan an ci abinci, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, su tsaya a parasitamol. Yara da nauyinsu ake aunawa, parasitamol 10mg zuwa 15mg ga kowane kilo, kada a wuce sau huɗu a awa 24. Misali yaro mai kilo 10, in sirop ɗin mai 120mg a cikin 5ml ne, to 5ml ɗin ya masa daidai, amma ka karanta jikin kwalbar don akwai mai ƙarfin da ya ninka haka, kuma da murfin awo ko sirinjin da ya zo dashi za'a auna ba cokalin cin abinci ba. Aspirin ba'a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Wata dabara da ta taimakeni, in za'a canza ɗauri a sha maganin kamar rabin awa kafin a fara. In gauz ya kafe kar a ja, a jiƙa shi da ruwa mai tsabta a jira ya saki da kansa. Yaro kuma a rungumeshi, a bashi wani abu ya kalla ko a jashi da hira, tsoro yana ninka zafi.

In baki ne ko harshe ya ƙone da abu mai zafi, a dinga kurɓar ruwan sanyi ana riƙewa a baki, a guji abu mai yaji ko tsami na kwana biyu, yana saurin warkewa. Amma in yaro ya haɗiye abu mai tsananin zafi har yana dalalar da yawu ko numfashi na masa wuya, asibiti da gaggawa.

Bororo

Hannu zai dinga ƙaiƙayin a fasa, kar a fasa. Fatar nan da ta kumbura ita ce bandejin da jiki ya yiwa kansa, ƙasanta sabuwar fata ke tsirowa ba tare da ƙwayar cuta ta samu hanya ba, ruwan ciki kuma a hankali jiki zai shanye abinsa. Allurar ɗinki ko reza, ko an ƙona bakinta, ƙofa kake buɗe wa cuta. In ya fashe da kansa ba tashin hankali, a wanke hannu da sabulu, a wanke wajen a hankali da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a sa gauz mai maiƙo a rufe. In kuma bororon babba ne ƙwarai, ya cika tam, ko yana kan gaɓa yana hana motsi, ma'aikacin lafiya ne zai san yanda zai yi dashi da kayan aiki masu tsabta.

Kwanakin da ke biyo baya

A buɗe ciwon a duba shi bayan kwana ɗaya zuwa biyu, don kamar yanda na faɗa a baya ƙuna kan canza fuska a kwana ukun farko. Bayan nan a dinga canza ɗauri duk kwana ɗaya ko biyu, ko duk sanda ya jiƙe ko yayi datti. Ɗan ruwa-ruwa garai mai ɗan rawaya da ke tsatsowa a farko ba komai bane. Abinda ake tsoro shine zafin da maimakon ya dinga raguwa sai ya dinga ƙaruwa bayan kwana biyu, kumburi na yaɗuwa, gefen ciwon yayi zafi rau, mugunya, wari, ko zazzaɓi. In anga haka cuta ta shiga, a kai asibiti, kar a je a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka. Ga yara kuwa ina so iyaye su ji wannan da kyau: yaron da ya ƙone ko da ƙunar 'yar mitsitsiya ce, in cikin kwanakin nan ya fara zazzaɓi mai zafi, amai, gudawa, ƙuraje, ko yayi laƙwas baya son ci baya son wasa, a garzaya dashi a lokacin ko da tsakar dare ne, kuma a faɗa wa likita cewa ya ƙone, saboda akwai gubar da wasu ƙwayoyin cuta ke saki cikin jini ta hanyar ƙaramin ciwo kuma tana saurin kayar da yaro.

In fata ta buɗe a tuna da allurar tetanus, wanda ya daɗe bai yi ba ko bai ma san ko ya taɓa yi ba ya tambaya a asibiti.

A dinga motsa yatsu ko gaɓar da ke kusa da ciwon a hankali kullum don kar ta sandare. A sha ruwa sosai, a ci abinci mai gina jiki, mai shan sigari kuma ya sani tana jinkirta warkewar ciwo. In an cika mako biyu ciwon bai rufe ba, to wataƙila ya fi yanda aka zata zurfi, a nuna wa likita, domin ƙunar da ta haura mako uku bata warke ba ita ke barin tabo mai tudu.

Idan ya fara warkewa sai ƙaiƙayi ya zo, wani lokacin har ya hana barci. Banda susa, sabuwar fatar siririya ce ƙwarai farce ɗaya zai yage ta a koma baya. A shafa basilin ko man shafawa marar turare sau biyu ko uku a rana ana murzawa a hankali, in ya matsa a ɗora tsumma mai sanyi ko a ɗan bubbuga wajen da tafin hannu, yara kuma a yanke musu farce. Sabuwar fatar zata fito da haske, wani lokaci jaja-jaja ko fari sol, mutane su tsorata su ɗauka haka zata zauna. Yawanci launin yana dawowa a hankali cikin watanni, wani wajen kuma sai ya fi sauran jiki duhu kamar nawa. Kar a shafa man bilicin don a gyara, ƙara lalata wajen yake. Abinda ke taimakawa shine kare shi daga rana, a rufe da tufa ko a shafa man kariya daga rana har kusan shekara guda, don rana ce ke ƙara dafa tabon yayi baƙi. Wanda kuma ya san jikinsa na yin tabo mai kumbura ya tashi, da ya ga wajen ya fara tudu yana tauri ya je a duba tun yana sabo, akwai abin liƙawa na silikon da allurai da ake yi, kuma sun fi aiki kafin tabon ya tsufa.